Infoma a Kan Tebur: Kwana Biyar Tsakanin Ƙaura, Shinkafi da Zurmi

Kwali biyu na ɗauko daga Kano. Ɗaya cike da tawadar firinta da takardar buga hoto, ɗayan kuma kibod shida ne da maus shida, duk masu igiya, waɗanda na saya a titin Beirut bayan ciniki mai tsawo. Ɗan ƙanwata ne ya yi mini saƙon. Ya gama difloma a kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Ƙaura Namoda, bai tsaya jiran aikin gwamnati ba, ya kama shago yana buga takardu, yana yi wa ɗalibai rajista, da ɗan injin POS a gefe. Abin da ya ce in sayo masa shi ne kibod maras igiya, irin wanda ake yayi. Na yi kunnen uwar shegu na sayo abin da raina ya kwanta da shi, na ce in mun haɗu ma yi ta ta ƙare.

Daga Gusau muka tashi da hantsi a cikin wata tsohuwar Golf, mu bakwai har direba. Tafiyar ba ta da nisa, kilomita sittin ne ko kusa da haka, amma kowa ya san ƙa'idarta: ba a sammako, ba a kuma bari la'asar ta yi sanyi a hanya. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shirun cikin motar. Bahaushe da aka sani da hira a mota, ka zauna da mutum awa ɗaya ka san garinsu da sana'arsa da yawan 'ya'yansa, a nan babu mai tambayar wani ina ya nufa. Wani saurayi a kusa da ni ya ɗaga waya ya fara gaya wa wani cewa mun wuce shingen sojoji, kuma yana tafe da saƙon Alhaji. Wata dattijuwa a baya ta zungure shi da yatsa.

"Kai ɗan nan, kashe wagga waya. Ka san wa ka saurarenka?"

Ya kashe, bai ce uffan ba. Kalmar da ba ta furta ba kowa ya ji ta a ransa, wato infoma. A arewacin Zamfara yau babu kalmar da ta fi ta nauyi. Ita ke raba maƙwabci da maƙwabci, ita ke sa mai shago ya ƙi faɗin cinikinsa ko ga ɗan'uwansa. Da ɗan gari akan ci gari, kuma mutanen nan sun ga hakan da idonsu. Na dubi kwalin da ke bisa cinyata na ce a raina, ashe ban yi kuskuren saye ba.

Ƙaura gari ne da ƙarshen layin dogo ya raya. A 1929 jirgin ƙasa ya iso nan daga Zariya, ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya bai ƙara gaba ba, kuma gyaɗa da auduga da taba na yankin duk a nan ake lodinsu. Sunan garin ya samo asali daga Muhammadu Namoda na Alibawa, ɗaya daga cikin jarumawan da suka ci Alƙalawa a 1808. Jirgi ya daɗe da daina zuwa, ciyawa da awaki sun gaje tashar, amma na roƙi mai babur ya bi da ni ta wajen don in gani. Tun kafin dogo wayar tangaraho ta shigo ƙasar nan, kuma daga wannan zaren ƙarfen muka sami gidan waya da buga waya. Yau muna kiran abin da ke aljihunmu waya alhali babu ko taƙi ɗaya na waya a jikinsa. A zamanin tangaraho, mai son satar jin saƙo sai ya hau turke ya taɓa zaren, kowa na kallonsa. Saƙon da ke yawo a iska kuwa ba ya bukatar tsani.

Da ɗan ƙanwata ya buɗe kwalin, fuskarsa ta faɗi.

"Haba Kawu, wanga ai kayan da ne. Mi za ni yi da igiya? Kwastoma in ya shigo ya ga tebur tsab babu tarkace, shi ka sa ya san wuri ya waye."

Ban yi masa gardama ba. Na nemi kujera na zauna ina kallon aikinsu. Kwamfuta uku ce a shagon, biyu daga ciki da kibod maras igiya iri ɗaya, masu araha, da wani suna a jiki wanda ban taɓa ji ba. Can wajen azahar yarinyar da ke buga wa wani ɗalibi aikinsa na ƙarshe ta ɗaga kai ta ce abin nan ya sake tashi. Kibiyar da ke kan allonta tana yawo ita kaɗai. Ashe yaron da ke tebur na biyu ne ke jan maus ɗinsa, risibarta kuma tana karɓar umarninsa. Suka yi dariya, suka ce ai sun saba, sai a cire a mayar ya daidaita. Wani ma ya ce aljanun shagon ne. Ni ban yi dariya ba, domin abin da na zo da niyyar bayyanawa da baki, ga shi na'urar ta bayyana da kanta. Risibar da ba ta iya bambance maus ɗinta da na maƙwabcinta ba, yaya za ta bambance mai gida da ɓarawo?

Ga yadda abin yake aiki. Kibod maras igiya ƙaramar tashar rediyo ce. Duk harafin da ka danna, tana watsa shi a iska, galibi a kan zangon gigahaz 2.4, ɗan mitsitsin abin nan da ake sokawa a ramin USB, wanda masu gyara ke kira risiba, shi kuma ya cafke ya miƙa wa kwamfuta. Iska ba ta san tebur ba, ba ta san bangon shago ba. Kariyar da ta rage ita ce a juya saƙon kafin a watsa shi, ta yadda wanda ya tsinta ba zai gane ba. To a nan ne kamfanoni da yawa suka yi ha'inci ko sakaci.

A 2007 wasu masu bincike na kamfanin Dreamlab a Suwizalan, Max Moser da Philipp Schrödel, suka duba kibod na Microsoft masu aiki a kan zangon megahaz 27. Suka tarar makullin da ake juya haruffan da shi iri 256 ne kacal. Na ce wa ɗan ƙanwata ya tuna zaurancen da suke yi suna yara, a cusa wani harafi bayan kowace gaɓa don kada manya su gane. Duk babban da ya kasa kunne minti biyu ya gano bakin zaren. Kwamfuta kuwa kafin ƙiftawar ido ta gwada duka 256 ɗin. Wannan ma an yi ƙoƙarin yin zaurancen ke nan. A watan Yuli na 2016 wani kamfanin tsaro na Amurka mai suna Bastille ya gwada kibod masu araha na kamfanoni goma sha biyu, ya samu na takwas daga ciki ba sa juya komai, a fili suke shelar kowane harafi. Cikinsu akwai na HP da Toshiba da Kensington da Anker da General Electric. Suka sa wa wannan rauni suna KeySniffer, suka nuna cewa da kayan da ba su kai dala ɗari ba ana iya karanta rubutun mutum daga nisan ƙafa 250, kimanin mita 76. Wani abin takaici shi ne risibar waɗannan kibod ba ta yin shiru ko da babu mai rubutu, tana ta aika sigina, don haka mai farauta yana iya gano ta tun kafin mai ita ya zauna. Kuma ba su gyaruwa, sai dai a jefar.

Na ce wa ɗan ƙanwata ya taso mu auna. Muka fita daga bakin shagon muna ƙirga taku. Muka wuce mai shayi da bencinsa, muka wuce mai faci, muka wuce rumfar da 'yan acaɓa ke hutawa, muka tsallaka titi, sai ga mu a inuwar wani masallaci kafin taku ɗari ya cika. Na ce masa duk wanda ke zaune a tsakanin nan da jaka a gefensa yana cikin da'irar. Bango da taron jama'a kan rage nisan, gaskiya ne, amma bencin mai shayi bai fi taku goma sha biyar ba.

Da muka koma na tambaye shi abin da ake bugawa a kan waɗannan kibod a rana. Ya fara lissafi da yatsu: lambar sirrin ɗalibai ta shafin JAMB da na makaranta, lambar NIN, lambar BVN, adireshin imel da makullinsa, lambar katin banki in za a biya kuɗin makaranta, takardun filaye, wasiƙun neman aiki. Bai kai ƙarshe ba ya yi shiru.

Da dare bayan isha, muna kan tabarma a tsakar gida da kwanon fura a gabanmu, shi ya sake tado maganar. Ya ce to in haka ne sai ya sayi na manyan kamfanoni masu tsada, waɗanda ke kulle saƙonsu da gaske. Na ce ya yi tunani mai kyau, amma da saura. Watanni biyar kafin KeySniffer, a Fabrairun 2016, wani ma'aikacin Bastille ɗin nan mai suna Marc Newlin ya fito da abin da ya kira MouseJack, kuma manyan ya taɓa: Logitech, Dell, HP, Lenovo, Microsoft, Gigabyte, Amazon. Yawancinsu suna amfani da wani ɗan guntu na kamfanin Nordic da ke Norwe, kowane kamfani kuma ya tsara wa kansa yadda kibod da risiba za su yi magana. Sun kulle maganar kibod, sai suka bar ta maus a buɗe, don a ganinsu motsin kibiya ba sirri ba ne.

Na ba shi misali da gidan attajiri mai maigadi a zaure. An umarci maigadin ya binciki duk ɗan aiken da ya zo da wasiƙa, ya duba hatimi. Yaron da ke kawo ruwa kuwa an ce a bar shi ya wuce, ai ruwa ne. Sai ɓarawo ya sa kayan mai ruwa, ya ɗauko wasiƙar ƙarya a cikin tulu, maigadi ya karɓa ya kai ciki a matsayin umarnin mai gida. Haka risibar take yi. Wani daga nesa, har mita ɗari, da ɗan rediyon USB da bai wuce dala goma sha biyar zuwa talatin ba, sai ya yi shigar maus ya aika haruffa, risiba ta karɓa ba tare da neman hatimi ba. A wannan harin ba karanta rubutunka ake yi ba, rubutu ake yi a madadinka. Ka tashi ka tafi alwala ka bar kwamfuta a buɗe, cikin 'yan daƙiƙai an buɗe taga, an buga umarni, an sauke manhajar leƙen asiri, an rufe. Manhajar kashe bairos ba za ta yi ƙorafi ba, domin a wurinta mai kwamfuta ne ke danna kibod ɗinsa.

Logitech ta fitar da gyara a shekarar, Microsoft ma ta yi wa wasu nata. Amma gyaran Logitech ba ya zuwa da kansa, sai mutum ya sauke ya sabunta manhajar cikin risibar. A 2019 wani Bajamushe, Marcus Mengs, ya sake gano wasu ɓarakar a risibar Logitech mai tambarin ruwan lemo da ake kira Unifying, har da yadda wanda ya saurari lokacin da ake haɗa kibod da risiba zai iya samun makullin. Sai a 2021 kamfanin ya fito da sabon tsari mai suna Bolt. Yanzu ka tambayi kanka, kayan ofis da Turai da Amurka suka sallama a waɗannan shekaru, ina suka tafi? Kwantena suka shiga, suka sauka Legas, suka biyo tirela zuwa Kano, daga nan zuwa Gusau da Ƙaura, ana kiransu na hannu masu ƙarko. Ƙarkon gaskiya ne. Raunin ma yana nan da ƙarkonsa.

"Amma Kawu," in ji shi, "wa za ya zo Ƙaura da irin wanga ilimi? Mu da ɓarayinmu da bindiga su ka zowa."

Wannan tambaya ta cancanci amsa ta gaskiya, kuma ba na son in zama irin masu tsorata mutane don a ce sun san abu. Na ce masa mai bindiga ba ya bukatar rediyo. Kuma yawancin kuɗin da ake kwashewa daga asusun talakawa ta hanya mafi sauƙi ake kwashe su: a kira mutum a ce daga banki ne, ko a leƙa yatsunsa yana danna lamba, ko a sace waya a cire layi. Waɗannan sun fi kibod haɗari nesa ba kusa ba. Sai dai maganinsu wuya gare shi, sai an yi ta wayar da kai shekara da shekaru. Wannan kuwa maganinsa igiya ce mai tsawon kamu uku, kuma ta fi maras igiyar araha, ba ta cin batir. Game da ilimin, tun 2016 manhajar gwada harin tana kan intanet kyauta, da bidiyon yadda ake yi. Duk garin da matasa ke da waya da data da zaman banza, ilimin ya riga ya iso, kayan aikin ne kawai ba a yi oda ba.

Ranar Alhamis muka nufi Shinkafi, don ranar kasuwa ce kuma ɗan ƙanwata yana da abokin hulɗa a can da zai kai wa tawada. Motoci sukan taru su tafi a jere, ta Moriki, kowa na addu'a a ransa. Ba zan tsawaita kan hanyar ba. Gonaki ne masu kyau, wasu an noma, wasu an bar wa ciyawa, da ƙauyukan da ka gani ka san mutanensu sun ragu.

Kasuwar Shinkafi kuwa, duk da abin da ya same ta, har yanzu kasuwa ce. Shanu da raƙuma da awaki a kara, buhunan gero da wake da albasa, fatake daga Sakkwato da Nijar da kudu. Tsofaffi suna cewa abin da na gani bai kai rabin na da ba. A watan Satumba na 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako, hukumar sadarwa ta NCC kuma ta sa aka kashe sabis a duk jihar, dalili kuwa shi ne a toshe bakin infoma. Gusau ta samu nata a farkon Oktoba, sauran wurare sai wajen ƙarshen Nuwamba. Jiha guda aka raba da duniya don kada labari ya fita. A duk tsawon makonnin nan, kowane kibod maras igiya da ke ofis ko shago yana ta watsa shirinsa, domin shi ba ruwansa da turken MTN ko na Airtel.

Abokin hulɗar ya kai mu wurin wani Alhaji mai sayen hatsi, wanda yake yi wa gyaran kwamfuta. Tsoron hanya ya hana irin su ɗaukar tsabar kuɗi, ƙarancin takardun naira na farkon 2023 kuma ya ƙarasa tura kowa ga taransifa. Akawunsa na zaune a lungun shago da laftof. Ƙura ta kashe rabin madannan laftof ɗin, shi ya sa aka haɗa masa kibod na waje, maras igiya, babu ko suna a jikinsa. Da shi yake shiga asusun banki, da shi yake rubuta wanda aka biya da wanda ake bi.

Jikin shagon, bango ɗaya, rumfar mai cajin waya ce. Janareta na ruri, allon katako cike da soket, caja ta fi ɗari a jere, baƙaƙe da farare, kowace da wayar wani a bakinta. Na tsaya ina kallonsu har mai rumfar ya tambaye ni ko caji zan ba da. Abin da na tuna shi ne KeySweeper. A Janairun 2015 wani Ba'amurke mai suna Samy Kamkar ya ƙera wata na'ura da ta yi kama da cajar waya sak, kuma tana caji da gaske. A cikinta ya ɓoye ɗan rediyo da ke sauraren kibod na Microsoft da aka ƙera kafin 2011, yana warware zaurancensu, yana adanawa. Ya sa mata layin waya don ta aika tes in an buga wata kalma da aka zaɓa, kamar sunan banki, da ƙaramin batir don ta ci gaba da aiki ko an zare ta daga soket. Mafi sauƙinta dala goma ta ci. Ya wallafa yadda ake haɗawa, kuma a 2016 hukumar FBI ta aika wa kamfanonin Amurka gargaɗi a kanta. A ofishin Amurka baƙuwar caja a bango tana iya jan ido. A rumfar caji ta ranar Alhamis a Shinkafi, wa zai ƙirga?

Na yi wa Alhaji bayani a taƙaice, ina tsammanin zai ce zancen 'yan boko ne. Ya saurara yana jan carbi, sannan ya ce:

"Malam, kana nuhin wanga ɗan abu shi ka kai rahoto?"

Na ce zai iya, ranka ya daɗe, in an sami mai saurare. Na ƙara da cewa banki yana da wasu matakan, akwai lambar da ake turowa a waya, akwai token, don haka samun lambar sirri kaɗai ba kullum yake buɗe asusu ba. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Bar batun banki. Kuɗɗi in an ɗauke su ta banki ana bin sawu. Abin da yaron ga ka rubutawa shi ne wa munka biya miliyan nawa yau, wace mota za ta tashi, yaushe, ta wace hanya. Wanga shi ne abin da ba ni son kowa ya ji."

Na zo da ilimin littafi, shi kuma ya nuna mini inda ciwon yake. Masu binciken Amurka da Jamus lambar sirri da katin banki suke tunani. A nan sunan mutum da adadin da ya karɓa da ranar tafiyarsa sun fi lambar sirri tsada, don da su ake tare hanya. Garin da ya ba Najeriya Umaru Shinkafi, wanda ya shugabanci hukumar tsaron ƙasa ta NSO daga 1979 zuwa 1983, ba sai an koya wa mutanensa darajar labari ba. Nan take Alhaji ya sa akawu ya zare risibar, ya karɓa ya jujjuya ta a tafin hannunsa kamar ƙwayar goro, ya jefa a aljihu. Muka ba shi ɗaya daga cikin kibod ɗin da na kawo. Ya matsa sai ya biya, na ƙi, ya sa aka ɗora mana rabin buhun wake a mota.

Zurmi muka je ranar Asabar, bayan mun koma Ƙaura mun kwana biyu, ta hanyar da ke wucewa Gurbin Ɓaure har Jibiya. Garin Sarkin Zamfara ne, mai tsohon tarihi, amma abin da baƙo zai fara gani yau shi ne mutanen ƙauyuka da suka taru a cikinsa, da mata masu goyo a hanyar babban asibiti inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke kula da yara masu tamowa. Shagon da muka sauka ƙarami ne, sola ɗaya, kwamfuta ɗaya, firinta ɗaya. Na tarar ana buga wani jerin sunaye. Mutanen wani ƙauye ne suka yi karo-karo don karɓo 'yan'uwansu da ke hannun 'yan bindiga, suna son a buga sunan kowa da abin da ya bayar don kada a yi rigima daga baya. Na dubi kibod ɗin. Mai igiya ne, tsoho, harafin A ya goge. Mai shagon ya ba ni haƙuri, wai bai samu halin sayen na zamani ba tukuna. Na ce masa kada Allah ya ba shi halin.

A bakin shagon wani dattijo ke zaune, tsohon mai buga tafireta, wanda ya yi shekaru yana rubuta wa mutane takardun ƙara da na sayen gona kafin kwamfuta ta karɓe masa kasuwa. Ya ji duk bayanin da nake yi, sai ya yi murmushin wanda aka rama wa.

"Kun gani ko? Tahireta ba ta tsegumi."

Na ce Baba, taka ba ta yi, amma an taɓa samun masu yi. Na ba shi labarin ofishin jakadancin Amurka a Mosko, inda a 1984 aka gano cewa Tarayyar Sobiyet ta dasa na'urori a cikin tafireta goma sha shida masu aiki da lantarki, ƙirar IBM Selectric, a can da ƙaramin ofishinsu na Leningrad. An ɓoye na'urar a cikin wani sandan ƙarfe na jikin injin, tana gane harafin da aka buga tana aikawa ta rediyo, kusan shekara takwas ba a sani ba. Dattijon ya riƙe baki. Bambancin shi ne waccan sai da ƙasa guda ta haɗa ƙwararrunta, ta saci hanyar taɓa injin, ta dasa rediyon. Mu kuwa da kuɗinmu muke sayen injin da rediyon a ciki, mu kuma saya masa batir.

Kada in yi wa igiya yabon da ya wuce kima. Wasu masu bincike a Lozan ta Suwizalan sun nuna a 2008 cewa ko kibod mai igiya yana fitar da ɗan sigina da za a iya kamawa daga mita ashirin, amma da kayan ɗakin gwaji masu tsada da wahalar sarrafawa. Abin da ya fi kusa da mu shi ne ɗan abin da ake sokawa tsakanin igiya da kwamfuta ya riƙa haddace rubutu, kuma maganinsa mai shago ya leƙa bayan kwamfutarsa kowace safiya. Shi Bluetooth ya fi waɗancan risibobi tsari, amma a Disambar 2023 Marc Newlin ɗin dai ya nuna yadda za a yi wa wayar Android da kwamfutocin Apple da Linux shigar kibod na ƙarya ba tare da mai su ya amince ba. Google ta gyara daga Android 11 zuwa 14. Na karɓi wayar mai shagon na duba, Android 9 ce, Bluetooth a kunne tun safe saboda sauraren wa'azi a ƙaramar sifika. Na nuna masa inda ake kashewa in an gama.

A daren ƙarshe a Ƙaura ɗan ƙanwata ya ɗauko takarda ya ce in faɗa masa abin da zai manna a bango. Na ce ya rubuta kaɗan don a karanta: duk kwamfutar da ake buga lambar sirri ko sunayen mutane a kanta, igiya. Wanda ya tashi daga tebur ko na minti ɗaya ne ya kulle allo. Risibar da ba a aiki da ita a zare ta. Mai Logitech ya sa a sabunta masa risiba. Cajar da ba a san mai ita ba kada ta kwana a soket. Ya rubuta da babban baƙi, ya ƙara nasa a ƙasa, wai ba a bashi.

Kibod shidan nan, uku suna shagonsa, ɗaya na wurin akawun Alhaji a Shinkafi, ɗaya na bar wa mai shagon Zurmi saboda harafin A, ɗaya kuma abokin hulɗarsa ya karɓe. Marasa igiyar guda biyu bai jefar ba, ya kai ɗaya ɗakinsa ya haɗa da talabijin yana neman tashar ƙwallo da shi daga kan katifa, na ce wannan babu laifi. Na iso Kano ranar Litinin da wake rabin buhu. Ranar Laraba ya kira ni, ya ce masu shaguna biyu a layinsu sun zo tambaya, in aiko da guda goma ta motar Gusau, masu doguwar igiya.